Ku shiga, amma kada ku miƙa littafin ma'aji

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so na amsa ta a tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai yau da na samu zama bayan isha'i. Ka ce kuna da 'yar ƙungiyarku ta kafintoci 'yan arewa a nan Agege, ba ku cika mutum 70 ba, kun daɗe kuna tara kuɗin wata kuna rufa wa juna asiri, yanzu kuma babbar ƙungiyar kafintoci ta yankin wadda yawancin mutanenta Yarbawa ne ta aiko cewa ku rushe taku ku shigo cikinta a zama abu ɗaya, dattawanku sun rabu gida biyu, kai kuma da yake kai ne sakatare an ɗora maka nemo shawara kafin taro na gaba, ku shiga ko kada ku shiga.

Toh ni dai shawarata ku shiga, amma kada ku rushe. Abu biyu ne daban, kuma duk rigimar da na gani a irin wannan haɗewar daga nan take tasowa, mutane su ɗauka in za a shiga babba dole sai an kashe ƙarama. Na fi shekara 30 ina riƙe da guduma a Ikko, a yaron shago na fara a Idi-Araba, na yi aikin sait, wato wurin gini, ina kafa katakon dekin, na dawo na buɗe shagona, na riƙe sakataren ƙungiya shekaru da dama, kuma da hannuna na rubuta takardar haɗewar tamu da wata babba. Akwai abinda muka yi daidai, akwai wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi nake so kada ku maimaita.

Kafin ku ce eh ko a'a ka je ka ga takardar rajistarsu da idonka. A Legas duk abinda ya tara mutane yuniyon ake ce masa, alhali a doka ba ɗaya ba ne. Akwai ƙungiyar ƙwadago ta ainihi wadda rajistarta take wurin magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, a fanninmu ita ce NUCECFWW, ta ma'aikatan gini da masu aikin katako, tana ƙarƙashin NLC, wato uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa. Ita wannan ƙarfinta yana wurin masu albashi ne, ma'aikatan manyan kamfanonin gini, daga albashi ake yankar kuɗin ƙungiya tun bai zo hannun ma'aikaci ba, ita kuma ta zauna da ƙungiyar masu kamfanonin wato FOCI a yi cinikin albashi da alawus da kuɗin sallama. Akwai kuma ƙungiyar masu sana'a mai rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da sunan amintattu, irin wadda ake samu a kusan kowace unguwa, irinsu ne suke taruwa a majalisar masu sana'ar hannu ta jihar Legas da ake kira LASCOTA. Sai ƙungiyar gama kai, wadda rajistarta ta gwamnatin jiha ce, harkarta ajiya da ba da bashi. In mutanenka yawancinsu masu shago ne da masu karɓar jinga, ba su da wani oga mai biyansu a ƙarshen wata, to abinda ta farkon ta ƙware a kai ba shi ne ciwonku ba. In kuwa rabinku a sait ɗin kamfani suke wuni ana biyansu kullum ba takarda ba komai, to tana da abinda za ta yi musu wanda ku ba za ku iya ba ko shekara nawa za ku yi kuna taro. Daga yadda ka kwatanta ina zaton ta biyun ce ta aiko muku, a kanta zan yi maganar.

Ita haɗewar ƙungiyoyi ba yau aka fara ta ba a ƙasar nan. A 1978 lokacin mulkin soja na Obasanjo aka tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata aka mayar da su 42, a shekarar ne aka kafa NLC ɗin da muka sani, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. A 1996 gwamnatin Abacha ta ƙara matse su suka koma 29, a nan ne ma aka haɗa ƙungiyar masu aikin kujeru da katako da ta ma'aikatan gini aka samu NUCECFWW ɗin, kaga kenan mu masu katako an taɓa juye mu cikin babbar tukunya tun kafin yau. Amma wancan da dokar soja aka yi, ba wanda ya tambayi kafinta ra'ayinsa. Ku kuwa zaɓi a hannunku yake, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da ya ga dama, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ma ya faɗa ƙarara cewa shiga ƙungiya ganin dama ne ba tilas ba. Saboda haka in wani ya ce muku wai in ba ku shigo ba za a kwashe muku kayan aiki ko a hana ku aiki a unguwa, barazana ce kawai ba doka ba, kuma wanda ya fara nemanka da barazana sai ka yi hattara da shi. In kuwa da mutunci suka aiko to ku ma ku amsa da mutunci.

Dalilin da ya sa na ce ku shiga, mutum 70 a Legas ba sa hana kowa barci. Ranar da 'yan kansul suka zo da sabon tikiti, ko omo onile, wato masu iƙirarin filin na kakanninsu ne, suka tsaya a bakin sait suka ce ba a ɗora rufi sai an sallame su, ko ɗan kwangila ya cinye wa yaranka kuɗin sati uku ya kashe waya, wa za ka kira? Mu da muna zaman kanmu iyakarmu mu kai kuka wurin Sarkin Hausawa, yana ƙoƙari Allah ya saka masa, amma ba rigimar katako kaɗai ce a gabansa ba, ga 'yan kasuwa ga masu babur ga rigimar aure. Bayan mun shiga babbar akwai wani injiniya da ya riƙe wa wani ɗanmu cikon kuɗin rufin gida, wata da watanni yana ta yawo da hankalinsa, yau gobe yau jibi. Ciyaman bai yi faɗa ba bai kai ƙara ba, aikawa kawai ya yi cewa ba kafintan da zai buga ƙusa a ginin nan sai an biya na farko. Injiniyan ya ɗauko wasu daga wata unguwa, da suka zo suka ga alamar ƙungiya da alli a jikin katakon bakin ƙofa sai suka mayar da zarto cikin jaka suka juya, kafin sati kuɗi ya fito cif. Wannan doka ta cewa ɗan ƙungiya ba ya karɓar aikin da ɗan'uwansa ya fara sai an sallame shi ita ce babbar ribar shiga, kuma ba ta aiki sai da yawa, in ku kaɗai kuka ƙi akwai wasu a bayan layi da za su karɓa kafin ka juya.

Ga kuma ɓangaren gwamnati. Ka tuna gobarar kasuwar katako ta Amu a Mushin farkon 2020, ka kuma ga shekarun da aka kwashe ana ja-in-ja kan tashin masu injin tsaga katako na Oko-Baba a Ebute Metta zuwa can Agbowa. In irin wannan ta taso gwamnati ba ta bin shago-shago, shugabannin ƙungiyar da aka sani a Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, ake kira, su suke kawo sunaye, wanda ba ya cikin takardar kamar bai taɓa zama a wurin ba. Haka in an tashi ba da horo ko rabon kayan aiki, haka shiga inshorar lafiya ta Ilera Eko, haka jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku wadda yaranmu da yawa ba su ma san da ita ba alhali wasunsu sun fi masu takardar iya aiki. Mu 'yan arewa muna yawan zama a gefe sai abu ya wuce mu ce an ware mu, wani lokacin an ware mu ɗin da gaske, wani lokacin kuma mu ne ba mu je inda ake rubuta sunan ba.

Yanzu ka ba ni hankalinka, ga kuskuren da muka yi.

Muna da wani littafi mai baƙin bango. Ma'ajinmu wani dattijo ne mutumin ƙasar Katsina, Allah ya jiƙansa, kowa ya kawo kuɗin wata sai ya rubuta da ajami a shafin dama ni kuma na rubuta da boko a na hagu, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Kuɗin ba wani yawa gare su ba amma suna da sauri. Mutum ya faɗo daga kan rufi da la'asar kafin magariba an biya kuɗin kati da na hoto a asibiti, an yi rasuwa da asuba kafin azahar an sayi likkafani an biya masu haƙa an kai shi makwancinsa, bayan addu'ar bakwai an sa matar da yaran a mota an biya musu har gida da ɗan abinda za su riƙe a hannu. Da muka haɗe sai muka juye komai a asusun babbar ƙungiya, an ce ai yanzu an zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ni na ƙirga na miƙa aka ba ni rasit, na haɗa da littafin.

Bayan 'yan watanni injin tsaga katako ya kama hannun wani yaronmu, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, yatsu biyu. Na isa na same shi zaune a kan falanki an naɗe hannun da rigarsa, garin katako ya manne a jinin, ba ya kuka ba ya magana, bin mutane kawai yake da ido. Muka kai shi asibiti aka ce a ajiye kuɗi kafin a shiga da shi. Na kira ma'ajin babbar ƙungiya, mutumin kirki ne wallahi ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya ce min sakatare ka yi haƙuri, dokarmu sai mutum uku sun sa hannu, ɗaya ya tafi garinsu, kuma kuɗin jinya sai taron wata ya amince. Gaskiya ya faɗa, haka dokarsu take tun kafin mu zo, mu ne ba mu karanta ba. Daren nan karo-karo muka bi shago-shago da ƙofar masallaci kamar mutanen da ba su taɓa tara ko sisi ba. Kuɗin ƙungiya ya fito daga baya, ba a ci ko kwabo ba, amma lokacin an riga an sa yaron a mota ya tafi gida. Tun daga ranar mutanenmu suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya, in na je karɓar kuɗin wata sai mutum ya ce sakatare sai wani satin, kuma ba zan iya ganin laifinsa ba, abinda ya sa yake biya tun farko shi ne ya ɓace masa.

Ka gane su ba mugunta suka yi ba, tsarinsu an yi shi ne daidai da rayuwarsu. Bayerabe in abu ya same shi danginsa suna kusa, ko a nan cikin gari ko Abeokuta ko Ibadan, kafin dare sun iso, kuɗin ƙungiya in ya zo bayan sati uku ma yana da amfani wajen hidimar da ta biyo baya. Kai kuwa yaron da ya zo daga Funtuwa ko Haɗeja ko Maraɗi, ƙungiyar nan taku ita ce uwarsa ita ce ubansa a Ikko, in ba ta motsa cikin awa biyu ba to ba wanda zai motsa.

Shi ya sa nake cewa ku shiga a matsayin reshe. Kuɗin da kowa zai riƙa biya ya rabu biyu, kason uwar ƙungiya ya tafi sama kamar yadda kowane reshe yake biya, kada ku nemi ragi a nan don kada a riƙa kallonku a matsayin 'yan alfarma, amma asusun taimako ya zauna a hannunku, masu sa hannu naku, littafi naku, kuma a rubuta adadin da ma'aji da ciyaman na reshe za su iya fitarwa nan take in gaggawa ta taso ba tare da jiran taro ba, sai a kawo bayani da rasit a taro na gaba. Kuɗin da kuka riga kuka tara kafin haɗewa kuwa guminku ne, a rubuta adadinsa da ranar, a rubuta cewa na reshe ne. In suka ce suna so su riƙa duba littafin sau ɗaya ko biyu a shekara ku yarda da sauri, haƙƙinsu ne tunda sunansu za ku ɗauka, kuma hakan zai kare ma'ajinku daga zargi. In kuwa suka ce sam sai dai a juye komai wuri ɗaya, to ku ce a ba ku lokaci, kada ku sa hannu ranar.

Abu na biyu da ya cije mu shine 'yan ci-rani. Kusan kowace ƙungiya tana da doka cewa wanda ya yi wata kaza bai biya ba ko bai zo taro ba a ci shi tara, in ya ci gaba a soke sunansa. Toh mu kuma da damina ta sauka kaso mai yawa na mutanenmu sun ajiye guduma sun tafi gona, sai an yi girbi za ka sake ganinsu, mutum ya dawo ya tarar da tara ta fi kuɗin watan yawa sai ya ce a riƙe katin. Ku sa a rubuta cewa wanda ya sanar da sakataren reshe zai tafi noma ba tara a kansa, ya biya kafin ya tafi ko in ya dawo. Haka shekarun da mutum ya yi yana biya a ƙaramar ƙungiya a lissafa masa su, kada dattijon da ya shekara ashirin yana biya a mayar da shi sabon shiga a ce ya sayi fom. Kuma tun yanzu ka zauna ka gyara sunaye, ka bi kowa da katin ɗan ƙasa ka rubuta yadda yake a jiki, mu mun samu mutum ɗaya da suna iri uku a takardu uku, ranar da ya rasu sai da muka yi ta rantse-rantse kafin a yarda shi ne.

Sai maganar harshe da lokaci, wadda mutane suke rainawa. Taronsu da Yarbanci ake yi ana haɗawa da Turancin buroka, matasanku da aka haifa a Agege ba su da matsala wasu ma sun fi su iya Yarbancin, amma dattijo zai zauna awa uku bai san me aka yanke ba sai ya ga ana ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Ku nemi tafinta a babban taro, duk abinda aka yanke kuma a karanta shi da Hausa a taron reshe kafin ya hau kan mutanenku. Ku duba ranar taro kada ta ci karo da Juma'a, a san yadda za a yi da azumi. Ku tambayi yadda ake rantsar da sabon shiga da sababbin shugabanni, ku ji da kunnenku tun kafin ranar, in akwai abinda bai dace da addininku ba ku faɗa cikin ladabi, akwai Musulmi da yawa a cikinsu za su fahimta. Kuɗin anko da na bikin ƙarshen shekara kuma a bar shi ganin dama.

Kujera fa, kada a ruɗe ku da mataimakin ciyaman na biyu ko na uku, wannan ta zaman gaba ce ranar biki. Ku nemi mutum ɗaya a kwamitin kuɗi da mutum ɗaya a kwamitin sulhu da ladabtarwa, don a nan ne ake yanke wa ya fara karɓar aiki, wa ya ƙwace wa wani kwastoma, wa za a ci tara, ranar da ɗanku da nasu suka yi rigima a kan jinga in ba naku a ɗakin ko an yi adalci mutanenka ba za su yarda an yi ba. Kuma a shigar da shi cikin kundin tsarin ƙungiya, ba alkawarin baki ba. Ciyaman na yanzu yana iya zama mutumin kirki wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya, amma zaɓe yana zuwa, wanda zai gaje shi takarda kawai zai sani.

Kada kuma ka shiga zaman nan kai a ƙasa kamar mai roƙo. Ka tambayi kanka me ya sa suka aiko yanzu. Ni a sanina babban abinda yake damunsu da mu farashi ne, suna cewa Bahaushe yana karya aiki, su ce kaza a rufin gida mu mu karɓa a ƙasa da haka, kuma mu faɗi gaskiya wani lokacin haka ne, yaron da yake kwana a shago ba haya ba iyali a kusa zai karɓi abinda mai biyan kuɗin makarantar yara huɗu ba zai karɓa ba. Suna so ku shigo don farashi ya tsaya wuri ɗaya, wannan kuma alheri ne gare ku ku ma, don karya farashin nan kanmu muke cuta. Kaga kenan kuna da abinda kuka kawo, to ku ma ku nemi naku, musamman a kan yara. Su suna da tsarin yaye almajirin sana'a da takarda da biki, wanda suke ce wa firidom, mu kuwa yaro ya shekara biyar a hannunka in ya iya sai ka saya masa guduma da zarto da tef ka sa masa albarka shikenan. Ku nemi duk wanda ogansa ya shaida ya ƙware a ba shi takardar ƙungiya ba sai ya sake zama a ƙarƙashin wani ba, a gwada shi in ana so, ya haɗa ƙofa ko ya fitar da kan rufi a gaban dattawa biyu nasu biyu naku.

Ɓangaren doka kuma ya danganta da yadda taku take. In kuna da rajistar CAC ta amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙungiyoyi masu manufa iri ɗaya su haɗe, amma ka sani in aka ce rushewa za a yi to ta kotu ake bi, kuma abinda ya rage na dukiya bayan an biya bashi doka ba ta yarda a raba wa 'yan ƙungiya ba, wata ƙungiya mai irin manufar ake miƙa wa. Na faɗi wannan ne don na san a taronku akwai wanda zai miƙe ya ce a raba kuɗin kowa ya kama gabansa. Ka duba su waye amintattun da ke jikin satifiket ɗin, sau da yawa za ka tarar ɗaya ya rasu ɗaya ya koma gida shekara goma, canza su kuma sai an buga a jarida an jira kwana 28, ka kuma duba ko kuna shigar da bayanan shekara-shekara don bashin yana taruwa. In ba ku da rajista kwata-kwata, kuɗin yana akawun ɗin mutum ɗaya ko a akwati, to ku fara da ƙirga shi a gaban shaidu a rubuta, don in mai akawun ɗin ya faɗi yau magada ne za su ce nasu ne kuma banki su zai saurara. Rumfar da kuke taro da injin da kuka saya tare da duk wani fili, a rubuta sunan wa ke jikin takardar. Ku samu lauya ya duba yarjejeniyar kafin sa hannu, kuɗinsa bai kai na rigimar kotu ba.

Su ma ku ce su buɗe nasu littafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, wanda yake so ku zama ɗaya bai kamata ya ji haushi don kun tambayi nawa ne a asusu, ana bin su bashi ko a'a, suna da shari'a a kotu ko babu, yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, shugabancin ɗaya ne ko akwai wani ɓangare da yake cewa shi ne na gaskiya. Wannan na ƙarshen ka bincika sosai a bakin ƙananan 'yan ƙungiyar ba shugabanni ba, ka je inda suke sayen katako ka zauna ka yi hira, don akwai lokacin da ake neman sababbin mutane kawai don a ƙara yawan ƙuri'a kafin zaɓe, ku shiga ba ku sani ba ku tarar an sa ku a tsakiyar faɗan da ba naku ba.

Ku nemi shekara ɗaya ta gwaji, a rubuta cewa in ta cika kowane ɓangare zai zauna ya duba, in reshe ya ga ba zai iya ba zai fita da asusunsa da kayansa ba tare da rigima ba. A cikin shekarar kada ku taɓa rajistarku, ku bar ta da rai.

Dattawan da suka ƙi kuma don Allah kada ku kayar da su da yawan hannu ku wuce. Su suka kafa abin nan lokacin da ba kowa, wasunsu sun ga rigingimun da aka yi a garin nan da idonsu, tsoronsu yana da tushe. Ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya kafin ranar taro, ka ce Baba ga abinda aka kawo ga abinda muke so mu nema, me ka ga an manta, za ka sha mamakin abinda zai tuna maka, kuma ka sa biyu daga cikinsu a cikin waɗanda za su je zaman, wanda ya fi kowa ƙi shi ya fi iya tambaya. Ranar ƙuri'a kuma ku jira 'yan noma su dawo, kada a yanke a bayan idonsu.

Kafin taron naku ka samo kofin kundin tsarinsu da hoton satifiket ɗinsu, ka rubuta sharuɗɗanku a takarda ɗaya da Hausa wani ya juya muku ita zuwa Turanci, in ka gama ka turo min na duba maka kafin ku kai musu. Littafin ma'ajin kuma ka yi masa hoto shafi-shafi tun yau ka ajiye a wuri biyu. Ka gaishe min da dattawan, Allah ya yi muku jagora.